Filin Tambaya da Amsa: Asalin Manhajojin da Aka Gina Don Cike Giɓin Burauza

Wasiƙu huɗu muka ɗauko a wannan fitowa. Masu su ba su san juna ba, garuruwansu ma daban-daban ne, amma da muka jera tambayoyin sai muka ga a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, domin kowannensu yana tambaya ne a kan wata manhaja da take yi masa aikin da burauza, wato manhajar buɗe shafukan yanar gizo irin su Chrome, ta gaza yi.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na daɗe ina fama wajen sauke littattafai da bidiyon darasi, domin da zarar sabis ya yanke sai aikin ya lalace, in sake komawa farko, datar da na ƙona kuma ta tafi a banza. Da wani abokina ya saka mini Internet Download Manager, sai na ga ko an yanke tana ɗorawa daga inda ta tsaya. Tun da burauza ita ce ƙofar shiga yanar gizo, me ya sa aka buƙaci wata manhaja daban don wannan aiki, kuma wane ne ya fara wannan tunani?

AMSA

Wa'alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin in shiga tarihin, bari in gyara wata fahimta da ke cikin tambayarka, domin a kanta sauran bayanin ya rataya. Burauza ɗaya ce kawai daga cikin masu zuwa bakin ƙofar yanar gizo su yi sallama. Kowane shafi ko hoto ko fayil da kake gani yana ajiye ne a kan wata kwamfuta da ake kira sabar, wasu kuma suna ce mata uwar garke, wadda aikinta dare da rana shi ne sauraron buƙata da mayar da amsa. Akwai ƙa'idar magana da aka yarda da ita tsakanin mai buƙata da uwar garke, sunanta HTTP, kuma duk manhajar da ta iya wannan magana za a saurare ta. Uwar garke ba ta damu da surar ɗan aiken da aka turo mata ba, matuƙar ya isar da saƙon yadda ya kamata. Saboda haka Chrome ɗan aike ne, manhajar da abokinka ya saka maka ita ma ɗan aike ce, sai dai kowanne da irin aiken da ya ƙware a kai.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne gazawar burauza ta bayyana ne tun ranar da aka haife ta. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, ya rubuta burauzar farko a ƙarshen shekarar 1990. Matsalar ita ce a kan kwamfuta ƙirar NeXT kaɗai take aiki, kwamfuta mai tsada wadda ko a cikin cibiyar mutane kaɗan ne suke da ita. Tsarin da aka ƙirƙira domin masana su riƙa musayar takardu ya zama ba ya isa ga yawancin masanan. Sai aka ɗora wa wata ɗaliba mai suna Nicola Pellow, wadda ta zo sanin makamar aiki daga Ingila, nauyin rubuta wata manhaja mai sauƙi da za ta yi aiki a kan kusan kowace irin na'ura. A shekarar 1991 ta fito da Line Mode Browser, wadda rubutu zalla take nunawa, babu hoto, babu linzami, kowane mahaɗi an sa masa lamba a gefe, mutum ya buga lambar ya wuce shafi na gaba. Idan ana neman kakar duk manhajojin da kake tambaya a kansu, ni a ganina ita ce wannan, domin ita ta fara nuna cewa ana iya isa ga uwar garke ta hanyar da ba ta burauzar asali ba.

Daga nan Mosaic ta fito daga Jami'ar Illinois ta Amurka a 1993, Netscape ta biyo baya a ƙarshen 1994, hotuna suka shiga cikin shafuka, jama'a suka yi tururuwa. To, amma duk waɗannan an gina su ne da tunanin mutum guda da ke zaune gaban kwamfuta, yana dannawa, yana karantawa, yana sake dannawa. Sauke fayil ƙarin aiki ne da aka maƙala a gefe. Ita kanta ƙa'idar HTTP a farkonta umarni ɗaya tak take da shi, wato a ba ni abu kaza, uwar garke kuma ta turo shi daga farko har ƙarshe ta rufe layi. Babu hanyar da mai buƙata zai ce na riga na karɓi rabi, a ba ni sauran.

Yanzu ka kwatanta wannan da irin layin da mutane suke amfani da shi a wancan zamani. Ta wayar tarho ta gida ake shiga intanet, da wata na'ura da ake kira modem, wadda a tsakiyar shekarun 1990 gudunta yakan kai kilobit 28.8 a daƙiƙa. Da wannan gudu, fayil mai nauyin megabait 10, wanda a yau bai kai bidiyon minti kaɗan ba, yana cin kusan minti 50 kafin ya sauka, kuma a ƙasashe da yawa da minti ake biyan kuɗin layin. Idan wani a gidan ya ɗaga kan tarho, ko layin ya yi tangarɗa a minti na 45, shi ke nan, an yi ɗiban ruwa da kwando. Abin da ya same ka a Zariya shi ne ya sami Turawa shekaru kusan 30 da suka wuce, kuma daga cikin wannan takaici ne mafitar ta fito.

Mutumin da ya fi cancanta a ambata a nan shi ne Hrvoje Nikšić, ɗan ƙasar Kuroshiya. A watan Janairun 1996 ya fitar da wata ƙaramar manhaja mai suna Geturl, daga baya ya gano akwai wata tsohuwar manhaja mai irin wannan suna a kan kwamfutocin Amiga, sai ya sauya mata suna zuwa Wget kafin shekarar ta ƙare. Wget ba ta da taga, ba ta nuna shafi, ba ta buƙatar kowa ya zauna yana gadinta. Kana ba ta adireshi a rubuce, ta shiga aiki. Idan layi ya yanke ta jira ta sake gwadawa, ta kuma sake gwadawa, ta ɗora daga inda ta tsaya idan uwar garke ta amince, har sai fayil ya cika. Tana kuma iya bin mahaɗan da ke cikin shafi ɗaya bayan ɗaya ta kwaso shafukan gidan yanar gizo guda gaba ɗaya, ta ajiye maka su ka karanta ba tare da kana kan layi ba. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne an gina ta ne a kan yarda da cewa layi zai yanke, alhali burauza an gina ta ne da fatan ba zai yanke ba. Wannan bambancin tunani shi ne asalin amsar tambayarka. Har yau Wget tana nan a ƙarƙashin shirin GNU na samar da manhajoji kyauta, kuma da wuya ka sami kwamfuta mai Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da ba a iya samun ta a kai.

A watan Janairun 1997 aka wallafa sabuwar ƙa'idar HTTP mai lamba 1.1, wadda ta shigar da neman yanki a hukumance. Ma'anarsa ita ce mai buƙata yana iya cewa a ba ni fayil kaza, amma daga bait na miliyan bakwai zuwa ƙarshe, uwar garke kuma ta amsa da lambar 206, wadda ke nufin ga yankin da ka nema. Wannan ɗan ƙarin ne ya buɗe kasuwa. A shekarar aka fitar da GetRight ta Michael Burford domin masu amfani da Windows, waɗanda ba su saba rubuta umarni a baƙin allo ba. Download Accelerator Plus ta kamfanin SpeedBit na Isra'ila ta biyo baya a 1999, FlashGet ta fito daga ƙasar Sin, ita kuma wadda kake amfani da ita ta kamfanin Tonec ce na Amurka. Masu waɗannan manhajoji sun lura cewa idan har ana iya neman yanki ɗaya, to ana iya neman yankuna da yawa a lokaci guda. Shi ya sa kake ganin layuka takwas suna tafiya tare a tagar manhajarka: ta yanka fayil ɗin ne gida-gida, ta tura ɗan aike ga kowane yanki, sannan ta ɗinke su wuri guda idan sun iso.

Amma kada tallar da ake yi ta ruɗe ka. Manhajar ba ta ƙara wa layinka faɗi ko kaɗan. Tana taimakawa ne idan uwar garke tana ƙayyade wa kowane ɗan aike abin da zai ɗauka, ko kuma idan layin yana yawan tuntuɓe ta yadda ɗan aike guda ba ya iya cika shi. Idan layinka ya riga ya cika maƙil, ko kashi ɗari aka yanka fayil ɗin, gudun ba zai wuce inda yake ba. Haka kuma idan uwar garke ba ta yarda da neman yanki ba, ko adireshin da ta ba ka mai ƙarewa ne bayan ɗan lokaci, manhajar ba za ta iya ɗorawa ba, dole a koma farko.

Mu a nan mun karɓi waɗannan manhajoji hannu bibbiyu ne saboda matsalarmu ta zarce ta waɗanda suka ƙirƙira su. A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suke tashe, kwamfutoci goma ko ashirin ne suke rabon layi guda na tauraron ɗan'adam, mutane kuma suna sayen tikitin kwana saboda da dare layin ya fi sakin jiki. Ni kaina na taɓa kwana a wani shago ina jiran wani babban fayil na karatu, ya kusa cika aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya goge. Na fito da asuba hannu rabbana. Bayan wannan dare ne mai shagon ya nuna mini irin manhajar da kake magana a kai, kuma tun daga lokacin nake girmama mutanen da suka zauna suka yi tunanin mai raunin layi.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ni mace ce daga Damagaram, ina koyon gina manhaja. Kusan duk takardar bayani da na buɗe sai in ga an ce a gwada da curl. Akwai kuma lokacin da shafin da na rubuta ya nemi bayanai daga wata uwar garke, burauza ta ƙi, amma da na gwada adireshin da curl nan take amsa ta zo. Mene ne asalin wannan manhaja, kuma me ya sa take iya abin da burauza ta ƙi yi?

AMSA

Barka kadai, Malama, Allah ya yi wa karatu albarka. Labarin curl zai yi miki daɗin ji, ke da kike zaune a garin da ake juya sefa da naira kullum, domin daga canjin kuɗi ya samo asali. A shekarar 1996, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Daniel Stenberg yana kula da wata ƙaramar manhaja mai amsa tambaya da kanta a ɗakin hira na IRC, wato tsarin hira ta rubutu da ya riga WhatsApp da ire-irensa da shekaru masu yawa. Masu hirar daga ƙasashe daban-daban suke, suna yawan maganar farashin kaya, sai ya so mutum ya iya rubuta adadin kuɗinsa a ɗakin, manhajar ta mayar masa da shi kuɗin wata ƙasa. Farashin canjin yana nan a wani shafin yanar gizo, amma yana sauyawa kullum. Da burauza, sai dai shi da kansa ya buɗe shafin kowace rana ya kwafo alƙaluman da hannu. Abin da yake buƙata shi ne ɗan aiken da zai je da kansa a lokacin da aka ɗiba masa, ya ɗauko shafin, ya miƙa wa wata manhaja ba tare da idon mutum ya shiga tsakani ba.

Ya ci karo da wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna httpget, wadda Rafael Sagula ɗan ƙasar Birazil ya fitar a watan Nuwamban 1996. Stenberg ya fara aika masa gyare-gyare, ba da daɗewa ba ragamar aikin ta dawo hannunsa. Da ya sami wasu alƙaluman canji a kan tsoffin tsare-tsaren Gopher da FTP, waɗanda su ma ƙa'idojin magana ne kamar HTTP, sai ya koya wa manhajar waɗannan harsuna, sunan httpget ya yi mata kaɗan, aka mayar da ita urlget a 1997. Da aka ƙara mata ikon ɗora fayil, ba ɗaukowa kaɗai ba, wannan suna ma ya gaza, sai a ranar 20 ga Maris, 1998 ta fito da sunan curl. Harafin farko na kalmar Ingilishi ce mai nufin mai neman hidima, sauran haruffa ukun kuma su ne URL, wato adireshin abu a intanet.

Matakin da ya sauya komai ya zo ne a shekarar 2000, lokacin da aka ware zuciyar manhajar aka mayar da ita ɗakin ajiyar ayyuka mai suna libcurl, wanda kowane mai gina manhaja zai iya dasawa a cikin tasa. Daga nan ta bazu zuwa wayoyi da motoci da talabijin da na'urorin buga takardu da na wasanni, har ta kai ana maganar biliyoyin na'urori. Tun 2018 tana zuwa a cikin Windows 10 kai tsaye. A 2017 aka ba Stenberg lambar yabo ta Polhem, wadda ake bai wa injiniyoyi a Suwidin, sarkin ƙasar ne ya miƙa masa da hannunsa. Abin da nake so ki riƙe shi ne kusan shekaru 20 yana wannan aiki a lokacin hutunsa, bayan ya tashi daga aikin da ake biyansa, sai a 2019 ya koma yin sa a matsayin cikakkiyar sana'a. Duk mai koyon wannan fanni ya kamata ya san cewa kayan aikin da yake taɓawa kullum akwai gumin wasu a cikinsa.

Sashe na biyu na tambayarki ya fi muhimmanci, domin a nan ne mutane da yawa suke yi wa burauza rashin adalci. Ƙin da ta yi miki da gangan ne. Tun da aka shigar da JavaScript, wato harshen rubuta umarnin da shafi yake turowa, cikin Netscape a 1995, burauza ta zama wurin da umarnin baƙi yake gudana a kan kwamfutarki, domin duk shafin da kika buɗe yana iya turo nasa rubutun ya yi aiki. Ki ɗauka kin shiga asusun bankinki a taga ɗaya, a wata tagar kuma kin buɗe shafin wani macuci. Da babu katanga, rubutun macucin zai iya aika buƙata zuwa bankin da shaidar shigarki, ya karanta amsar, ya kwashe sirrinki. Saboda haka aka kafa dokar asali guda: rubutun da ya zo daga gida kaza ba zai karanta amsar da ta fito daga wani gida ba, sai idan wancan gidan ya bayyana yardarsa. Hanyar bayyana yardar ita ce ake kira CORS, kuma kusan tabbas sunan da kika gani ke nan a saƙon kuskuren. Ita curl ba ta gudanar da umarnin kowa sai naki, ba ta kuma ɗauke da shaidar shigarki ta ko'ina sai wadda kika ba ta, saboda haka ba ta buƙatar wannan katanga. Maganin matsalarki yana wurin uwar garke: ko dai a saita ta ta amince da shafinki, ko kuma ki sa taki uwar garken ta ɗauko bayanan ta miƙa wa shafin.

Idan baƙin allo yana yi miki nauyi, akwai Postman, wadda Abhinav Asthana ya fara a Bangalore ta Indiya a 2012 saboda wahalar da yake sha wajen gwada irin waɗannan buƙatu. Sai dai shawarata ita ce ki fara ƙwarewa a curl, domin tana nuna miki ainihin maganar da ke gudana tsakaninki da uwar garke babu rufa-rufa, kuma wanda ya fahimci wannan magana ba ya shan wahala da sauran kayan aikin.

TAMBAYA TA UKU

Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Na fara shiga intanet ne da ƙaramar Nokia, kuma na tuna burauzar wayar ba ta iya buɗe yawancin shafuka, amma Opera Mini tana buɗewa, kuɗin kuma kaɗan take ci. Wace dabara ce a cikinta?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Dabarar ita ce Opera Mini ta wancan lokaci rabin burauza ce kawai take zaune a wayarka, ɗaya rabin yana can a manyan kwamfutocin kamfanin Opera na ƙasar Nowe. Wayoyin farkon shekarun 2000 ba su da ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki shafin da aka tsara domin kwamfuta, shi ya sa aka yi musu wani tsari na daban mai suna WAP, wanda shafukansa kaɗan ne kuma a takure. Kamfanin Opera ya bi wata hanya. Idan ka rubuta adireshi, wayar ba ta zuwa wurin shafin da kanta. Tana aika saƙo ne ga kwamfutocin Opera, su je su ɗauko shafin, su tsara shi daidai da ƙaramar fuskar waya, su rage nauyin hotuna, su matse shi, sannan su turo maka abin da aka riga aka dafa. Kamfanin ya ce matsewar takan rage nauyin shafi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma tun da da nauyi ake cajin ka, ka ga inda sauƙin kuɗin ya fito.

An fara gwada ta a Nowe a 2005, aka sake ta ga duniya a watan Janairun 2006, kuma tana aiki a kan kusan duk wayar da ke ɗaukar ƙananan manhajojin Java. Ta iso daidai lokacin da wayar salula ta GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, take bazuwa zuwa hannun talaka, shi ya sa Nijeriya ta daɗe cikin jerin ƙasashen da suka fi amfani da ita a rahotannin kamfanin. Mutane da yawa irinka ba su taɓa mallakar kwamfuta ba, ta wannan ƙaramar taga suka fara ganin yanar gizo.

Sai dai dabarar tana da farashinta, kuma ya dace ɗan kasuwa ya sani. Tun da kwamfutocin kamfanin ne suke buɗe shafin su sake tsara shi, duk abin da ya bi ta wannan yanayi na matsewa mai tsanani yana ratsawa ta hannunsu a buɗe kafin a sake kulle shi zuwa gare ka. Ban ce ana cutar kowa ba, amma ga harkar banki da kalmar sirri, ya fi dacewa ka yi amfani da manhajar bankin ko cikakkiyar burauza, ka bar matsewa domin karatun labarai.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam, ni malamin makaranta ne a Kumasi. Yanzu burauza tana kunna bidiyo, tana ɗora saukewar da ta yanke, har takardu ake rubutawa a cikinta. Ashe waɗannan manhajoji na gefe ba su zama tsohon yayi ba?

AMSA

Malam, rabin maganarka gaskiya ce, kuma dalilin shi ne burauza ta daɗe tana koyo daga waɗanda suka zo cike mata giɓi. Bidiyo da zane mai motsi sun daɗe a hannun Flash, wata manhaja da ake maƙala wa burauza, wadda kamfanin Macromedia ya saya a ƙarshen 1996, ta koma hannun Adobe a 2005. Da ita YouTube ya fara. Da sabuwar ƙa'idar rubuta shafuka mai suna HTML5 ta ba burauza ikon kunna bidiyo da kanta, sai amfanin Flash ya ragu, matsalolin tsaronta kuma suka yi yawa, aka rufe babinta a ranar 31 ga Disamba, 2020. Haka kuma a da, duk abin da ka danna sai shafin gaba ɗaya ya sake lodawa. Injiniyoyin Microsoft da ke son akwatin wasiƙar Outlook ya yi aiki a cikin burauza ne suka ƙirƙiro hanyar da shafi zai aika buƙata a ɓoye ya sauya yanki ɗaya kawai, aka saka ta a Internet Explorer 5 a 1999, kuma a kan irin wannan dabara Gmail ya fito a 2004, Google Maps a 2005. Ɗora saukewa bayan an rufe burauza ya shigo Firefox a 2008, Internet Explorer kuwa sai a 2011 ta sami cikakken wurin kula da saukewa, shekaru 15 bayan Wget.

Ɗaya rabin kuma ban yarda da shi ba. Akwai ayyukan da burauza ba za ta taɓa karɓa ba, domin sun saɓa wa dalilin samuwarta. Ba za ta tashi da ƙarfe biyu na dare ta ɗauko fayil ɗari ba tare da kowa ya taɓa ta ba, ba za ta shiga cikin mitar wuta ko na'urar biyan kuɗi ta shago ba, ba kuma za ta rushe katangar da ke kare ka daga shafukan baƙi ba. Ga malami irinka, wanda wataƙila yake son kwaso darussa sau ɗaya inda layi yake da ƙarfi ya kai wa ɗalibai inda babu, Wget har yau ta fi kowace burauza dacewa, da sharaɗin masu shafin sun halatta kwafar.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so ya isa gare ka da ɗalibin Zariya tare. Internet Download Manager ta sayarwa ce, kwana 30 ake ba da ita gwaji, kuma yawancin kwafin da ke yawo a wayoyi da filasha an fasa makullinsu ne. Manhajar da ke zaune tsakanin burauzarka da duk abin da kake saukewa ita ce wuri mafi haɗari da za ka yarda da hannun wanda ba ka sani ba, domin fasassun kwafi hanya ce sananniya ta shigo da ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar kalmar sirri, ban da haƙƙin masu ita da ke kan wanda ya yi amfani da ita ba biya. Wanda ba zai iya saye ba yana da Free Download Manager, wadda kyauta ce daga shafin masu ita. Wanda kuma ba ya tsoron baƙin allo, ya rubuta wget -c sannan adireshin fayil ɗin, ko da layi ya yanke sau goma, duk lokacin da ya sake buga wannan umarni za ta ɗora daga inda ta tsaya, muddin uwar garke ta amince.